Kamun wolai a watan Yuli: abubuwan da ke sa mutum ya dawo gida da ƙuraje babu kifi

Wolai, wanda Turawa ke rubutawa walleye, shi ne kifin da jihar Minesota ta Amurka ta ɗauka a matsayin alamarta tun 1965, kuma in ka zauna a nan ko wajen Ontariyo ta Kanada dole wata rana wani ya ja ka tafki. Ni dai shekarar farko sauro ne ya kama ni, ba ni na kama kifi ba.

Babban kuskure shi ne fita da tsakar rana. Wannan kifin idonsa yana da wani abu mai sheƙi a ciki irin na mage, shi ya sa yake gani sosai a duhu kuma ba ya son haske, to kai ka je ƙarfe ɗaya na rana ruwa kwance tas kana jefa ƙugiya a bakin gaɓa me kake tsammani? Asuba, magariba, ko ranar da hadari ya rufe kuma iska na kaɗa ruwa, nan ne yake fitowa farauta. Kuma ka tuna a Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, don haka ka shirya yadda za ka yi sallarka tun kafin ka hau jirgi.

Sai masu komawa inda suka kama a watan Mayu. Kifin ya tashi daga nan malam, ruwan sama-sama ya yi ɗumi, ya gangara ƙafa 20 zuwa 30, gefen duwatsun ƙasan ruwa ko bakin ciyayi, a tafkin Mille Lacs na Minesota ma har kan tudun laka na tsakiyar tafki. Ka sa dalma mai nauyin da za ta taɓa ƙasa, ƙoto kuma tana ko matsattsaku, ka ja jirgin a hankali kamar mai tafiyar ƙasa. Amma kar ka zurfafa da yawa in sakinsa za ka yi, wanda aka jawo daga zurfin da ya wuce ƙafa 30 jakar iskar cikinsa kumbura take, ko ka mayar da shi sau da yawa ba ya rayuwa. Lasisi kuma wajibi ne, girman da aka yarda ka ɗauka ya bambanta daga tafki zuwa tafki, ka duba dokar shekarar.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar, lokacin da kifin ke ci shi ne lokacin da sauro ke fitowa, har mutanen nan na tsokanar cewa sauro ne tsuntsun jiharsu. Ba ya kawo maleriya kamar na gida amma wallahi yawansa ya isa ya kore ka daidai sanda igiya ta fara motsi. Sai mutum ya ɗauko maganin fesawa mai sinadarin korar sauro na DEET ya shafe hannu da shi, sannan da hannun nan ya ɗaura tana a ƙugiya, an gama, kifi ya ji warin ba zai kusanto ba. Kuma DEET yana cin roba, na taɓa ganin shatin yatsuna ya narke a jikin gilashina, haka yake lalata igiyar fatsa ma. Ka fesa a bayan hannu, ka wanke tafin da sabulu, ko ka nemi maganin sauro mai sinadarin picaridin wanda ba ya taɓa roba. Permethrin kuwa, wani maganin kashe ƙwari, a kaya ake fesawa a gida a bari ya bushe, ban da fata, kuma kar ya shiga tafki don guba ne ga kifi.

Da rana kuma ƙudaje masu cizo ne, irin bobuwa, masu kewaya kai suna yanka fata, fesawa ba ta cika damunsu ba. Baƙin kaya da shuɗi suke bi, sa fari mai dogon hannu da hula. Akwai wasu ƙanana kamar ƙudan gida da ke laɓewa a ƙasan jirgi suna cin idon sawu, waɗannan safa mai kauri ce maganinsu, silifas kam ka bar shi a mota. In ka ratsa ciyawa wajen sauka ka duba jikinka da daddare saboda kaska, ita ke kawo cutar Lyme, kuma wata ba ta kai ƙwayar riɗi ba.