Zaɓen alƙalamin feshi da gyara matsalolinsa wajen fentin ƙananan tankokin yaƙi

Duk wanda ya taɓa harhaɗa ƙaramar tankar yaƙi ta roba, irin T-72 ɗin da kamfanin Tamiya na Japan ke yi a ma'aunin 1/35, wato an rage tsawonta sau 35 daga na gaske, ya san cewa buroshin hannu yana barin sawu a faffaɗan jikinta, fenti mai kauri kuma yana binne ƙananan ƙusoshi da layukan walda waɗanda su ne adonta. A nan Bauchi, inda makarantar horar da sojojin tankokin yaƙi take, mutane da yawa sun ga tanka ta gaske, sun kuma san fentinta shimfiɗe yake sumul. Abin da ke ba da wannan shimfiɗa shi ne alƙalamin feshi, wanda masu sayarwa ke kira eyaburosh.

Iri biyu ne ta fuskar kunama. Akwai wanda dannawa ɗaya ke sakin iska da fenti tare, akwai kuma wanda idan an danna kunamar ƙasa iska ce kaɗai ke fita, sai an ja ta baya sannan allura ta buɗe wa fenti hanya. Na biyun nake ba da shawara ko ga sabon shiga, domin da shi ake iya zana gefen dabbare-dabbaren sojoji mai laushi, hannu kuma yana sabawa da shi cikin 'yan kwanaki. A zaɓi mai kofi a sama, saboda fenti yana gangarowa da kansa, ba ya buƙatar matsin iska mai yawa, kuma ɗigo kaɗan ya isa aiki.

Faɗin nozul, wato ɗan bakin da fenti ke fita ta cikinsa, ya fi sunan kamfani muhimmanci. Mai milimita 0.2 yana jan siririn layi amma yana yawan toshewa, mai 0.5 ya dace da shimfiɗin farko, mai 0.3 ko 0.35 kuwa yana ɗaukar kusan dukkan aikin tanka da na jiragen sama masu ma'aunin 1/48 da 1/72. Alƙalamin Iwata Eclipse HP-CS yana zuwa da 0.35, Badger Patriot 105 na Amurka yana zuwa da 0.5, kamfanin Harder & Steenbeck na Jamus kuma yana yin nozul marar zare irin na noti, wanda ake cirewa da yatsa. Masu araha marasa suna ma suna koyar da hannu, sai dai nozul ɗinsu yana saurin tsagewa. Ko wanne aka saya, a haɗa da allura da nozul na ajiya tun a odar farko, domin ba kaya ba ne da za a leƙa kasuwar Wunti ko Muda Lawal a same su cikin sauƙi.

A ganina gara a rage kuɗin alƙalami a ƙara na kwamfiresa, wato injin da ke tura wa alƙalamin iska. A nemi mai tanki, ko da na lita 3 ne, mai makunnin daidaita matsi da matarar ruwa. Tankin yana sa iska ta fito bai ɗaya, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakar aiki, ragowar iskar za ta isa a fesa tina, wato ruwan tsinka fenti, a wanke alƙalamin kafin fenti ya bushe a ciki. Matsi tsakanin 15 da 20 a ma'aunin matsin iska na PSI ya wadatar. Kwamfiresar masu faci ba ta dace ba, saboda iskarta tana tafe da mai da ruwa.

Yawancin abin da ake ɗora wa alƙalami laifinsa, daga kaurin fenti yake. A tsinka fentin har ya koma kamar madarar shanu sabuwar tatsa, ba kamar kindirmo ba, yadda idan an shafa ɗigo a bangon kofi zai gangaro ya bar siririn launi a bayansa. Kowane fenti da tinarsa: na ruwa na Tamiya yana tafiya da X-20A, na Vallejo kuma da tasa, kuma idan aka zuba wa na Vallejo sifirit yakan dunƙule. Tinar masu fentin mota tana narkar da robar tankar, tana kuma cin ƙananan robobin da ke cikin alƙalamin.

Matsalar da ta fi damun mu ita ce ta hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska tana bushewa ƙwarai, sai fenti ya daskare a tsinin allura, feshi ya riƙa yankewa yana tartsatsi. Maganinsa shi ne a ajiye auduga jiƙe da tina a gefe ana goge tsinin a kai a kai, a ɗiga maganin jinkirta bushewa a cikin fentin, sannan a saba da fara sakin iska kafin fenti da tsayar da fenti kafin iska. Idan jikin tankar ya fito da kaushi kamar an watsa masa yashi, fentin ya bushe ne a hanya kafin ya sauka, don haka a matso kusa zuwa kamar santimita 10, a rage matsi, a ƙara tina kaɗan. Da sassafe aka fi jin daɗin aiki, a hunturu da kuma zafin Maris da Afrilu. Da zarar an gama, a kife roba mai tsabta a kan tankar, in ba haka ba ƙurar hazo za ta zauna a ɗanyen fenti. Da damina lamarin yakan juye, musamman a Agusta, domin danshi yana taruwa a tanki da tiyo har alƙalami ya tofa ruwa a kan aikin da aka gama, saboda haka a riƙa zubar da ruwan matara da na tanki bayan kowane zama.

Sauran matsalolin alamunsu a fili suke. Kumfa a cikin kofi tana nuna iska na komawa baya, ko dai nozul ya toshe, ko bai zauna daidai ba, ko ya tsage. Fentin da ke bajewa kamar ƙafafun gizo-gizo ya yi ruwa da yawa, ko hannu ya matso fiye da kima. Idan feshi ya karkata gefe ɗaya, a zaro allurar a mirgina ta a kan gilashi, lanƙwasar tsininta za ta bayyana. Idan iska na fita babu fenti ko da an ja kunama, a buɗe bayan alƙalamin a ɗaure notin da ke riƙe allura.

Wanki kuwa ba a ɗaga shi zuwa gobe. A zubar da ragowar fenti, a fesa tina har ta fito fes, a zaro allura a goge ta daga gindi zuwa tsini, a mayar da ita a hankali har ta taɓa nozul ba tare da turawa ba. Nozul mai zare ana ɗaure shi ne da sassauci, domin ƙaramin ƙarfi ya isa ya karya shi a cikin mazauninsa. Duk wannan a yi shi kusa da taga a buɗe, sanye da takunkumi mai matatar sinadari, domin na ƙyalle ba ya tare tururin tina.