Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Faɗin Ra'ayi Kan Labaran Abota

A fadodin Tawa, da zarar an zuba shayi na farko bayan sallar isha'i, hira takan gangara kan abin da kowa ya kalla ko ya karanta a wayarsa, kuma babu abin da ke tayar da gardama kamar labarin aminai biyu. Na daɗe ina zama a irin wannan fada, na kuma lura cewa ra'ayin da muke furtawa kan fim, littafi, manhaja ko wasan da ya shafi abota bai cika amfanar mai sauraro ba, domin galibi muna ɗora wa aikin abin da ke tsakaninmu da abokanmu, mu manta da abin da idonmu ya gani a cikinsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yabo marar shaida. A tambayi mutum yaya fim ɗin yake, sai ya ce, "Wallahi ya yi, akwai darasi," ya ja bakinsa ya yi shiru. Mai tambaya bai ƙaru da komai ba, tunda duk wani fim da aka taɓa yi an samu wanda ya ce akwai darasi a cikinsa. Gyaran shi ne mutum ya ɗauko wuri guda ya nuna. A cikin littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibn al-Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8, akwai babin kurciyar da ta faɗa ragar maharbi tare da 'yan uwanta, suka tashi da ragar gaba ɗaya zuwa ramin ɓera abokinta. Da ɓeran ya fara cizge igiyar da ta ɗaure ta, sai ta roƙe shi ya fara da sauran, domin ta san ko ya gaji ba zai bar ta a ɗaure ba, amma idan ya fara da ita yana iya kasala kafin ya kai kansu. Wanda ya ba da wannan wuri kaɗai ya riga ya gaya wa mai sauraro irin abotar da littafin ke magana a kai, ba sai ya ƙara rantsuwa ba.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, waɗanda in an nemi ra'ayinsu sai su kwashe labarin daga farko har ƙarshe. A labarin abota wannan ɓarna ce babba, saboda armashinsa yakan rataya a kan tambaya ɗaya, wato ko amana za ta riƙe ko za ta tsinke. Duk wanda ya kalli fim ɗin Indiya Sholay na 1975 ya san akwai wani sirri game da kwabon da Jai ke jefawa sama idan shi da Veeru za su yanke shawara, kuma wanda ya tona wa sabon mai kallo wannan sirri ya cuce shi. Ya isa mutum ya faɗi su wane ne abokan, me ya haɗa su, wane abu ne ya taso musu, sa'an nan ya dakata.

Kuskuren da na fi so a tsaya a kansa shi ne hukunta aiki da halin mutanen da ke cikinsa. Wani dare wani ƙanenmu a fada ya tashi ya kashe fim ana tsakiyar kallo, yana huci, wai ba zai ɓata megarsa kan fim ɗin da ke koyar da cin amana ba. Wani dattijo da ke zaune a gefen tabarma ya dube shi ya ce, "Zauna, ɗana. Ai da mai wasan bai iya ba, da ranka bai ɓaci haka ba." Ƙanen namu ya ce, "Baba, ai wannan mugu ne." Dattijon ya ce shi ma bai ce mutumin kirki ne ba. Gaskiyar tana wurin dattijon. Babin zaki da sa a littafin da na ambata labarin yadda dila ya shiga tsakanin aminai da annamimanci ne har ya raba su, amma ba wanda zai ce littafin yana koyar da annamimanci. Abin da ya kamata mai ra'ayi ya tambayi kansa shi ne ko marubucin ya shimfiɗa dalilin cin amanar tun da wuri, ta yadda in ta zo za a ce lalle haka take faruwa, ko kuwa ya jefo ta ne kawai don labari ya ƙi ƙarewa. Mai kuɗi ya talauce, aboki ya juya baya a fitowa ta gaba ba tare da an taɓa nuna mana kwaɗayi ko hassada a tare da shi ba, wannan rauni ne na rubutu, kuma shi ya cancanci suka.

Ƙanwar wannan matsala ita ce habaici. Sau da yawa mutum zai ɗora hoton fim a WhatsApp ya rubuta cewa abokan zamani sai a hankali, alhali kowa a unguwa ya san da wanda yake, har da adadin jakunkunan sefa da suka shiga tsakaninsu. Wannan ba ra'ayi ba ne kan fim. Mai ƙorafi da abokinsa ya same shi su yi magana, ya bar wa fim ɗin hakkinsa.

Sai kuma rikita nau'o'in abota, abin da bai kamata ya samu Bahaushe ba, tunda harshenmu ya riga ya rarrabe su. Aboki daban, amini daban, abokin tafiya daban, ƙawa ba lalle ta zama aminiya ba, ga kuma taubashi da abokin wasa, waɗanda zolaya ce gishirin zumuncinsu. A nan Nijar mun san yadda Bazabarme da Buzu, ko Bafillace da Babarbare, za su yi ta jifan juna da maganar da baƙo zai ɗauka faɗa ne, al'adar da UNESCO ta sanya cikin jerin gadon ɗan Adam a 2014. Duk da haka sai ka ji mutum ya kalli fim ɗin wata ƙasa inda abokai ke tsokanar juna, ya yanke cewa ba su da mutunci. Kafin a yi hukunci, a fara tantance wane irin zumunci ne ake nunawa, a kuma auna shi da ma'aunin mutanen da suka yi fim ɗin. Haka nan in fassarar Hausa aka kalla ta fim ɗin Indiya, wajibi ne a faɗa, domin masu ɗora murya sukan ƙara barkwanci da karin magana daga aljihunsu, har amini mai kamun kai ya koma sarkin surutu. Yabon ko sukar a nan rabinsa na mai fassara ne.

A ɓangaren manhajoji da wasanni, kuskuren ya sha bamban. Mutane suna auna manhaja da yawan jama'ar da ta tara musu, su ce Facebook yana ba da damar abokai 5,000, rukunin WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, kamar dai yawan ne abin nema. Ga mutumin Adar, wato yankin Tawa, wanda da wuya ka samu gidan da ba shi da ɗa ko aboki a ci-rani, a Abijan ko Libiya ko Legas, tambayar da ta fi amfani ita ce ko saƙon murya yana wucewa idan rezo ya yi rauni, ko tsoho wanda bai yi lekol ba zai iya sarrafa manhajar shi kaɗai, da kuma mega nawa kiran bidiyo ke lashewa. Ra'ayin da bai taɓo waɗannan ba, an yi shi ne don mutanen wani gari.

Wasa kuwa ba a yanke masa hukunci daga zama ɗaya, balle in wasan ƙungiya ne aka buga shi da baƙi. Free Fire yana jefa mutum 50 a fage guda, PUBG Mobile kuma 100, a cikin duka biyun ana iya haɗa tawagar mutum 4, kuma daɗinsu yana cikin yadda wani zai bar mafakarsa ya je ya tayar da abokinsa da aka kayar. Wanda ya shiga shi kaɗai aka harbe shi a minti na biyu, ya fito yana cewa wasan banza ne, bai ga abin da ake yi ba tukuna. Mai adalci zai faɗi da su wa ya buga, sau nawa, a wace irin waya, ko ta yi zafi, ko caji ya kai shi ƙarshen zagaye. Ya kamata ya faɗi kuma in wasan ya mayar da fada wurin da mutum shida ke zaune kowa ya sunkuya, shayi yana hucewa, abin da ludo da karta ba su taɓa yi mana ba, duk da rigimar da suke haddasawa.

Mafi wuyar sha'ani shi ne lokacin da aikin na abokinka ne. Yanzu matasa da yawa, musamman mata, suna rubuta labarai suna rarrabawa babi-babi a waya, kuma kara takan sa ƙawaye su yi ta zuba "Allah ya ƙara basira" ko da labarin ya ɓace tun babi na uku. Marubuciyar ba za ta gyara abin da ba a nuna mata ba. Abin da na ga yana aiki shi ne a raba maganar gida biyu. A bainar jama'a a yaba wurin da ya cancanci yabo, a ambace shi da sunansa, sa'an nan a kira ta a keɓe a ce, "Ƙawata, aminiyar nan da kika kawo a farko ta ɓace mini tun bayan biki, ina kika kai ta?" In kuma za a tallata littafin ga wasu, a gaya musu tun farko cewa na ƙawa ne, domin su san da wane kunne za su saurari yabon.