Yadda ake riƙe hukuncin kotu kafin a bayyana shi

A Ingila da Wales, alƙali kan aika wa lauyoyin ɓangarorin biyu daftarin hukunci a asirce, galibi kafin ƙarfe 4 na yamma, kwana biyu na aiki kafin ranar bayyanawa. Dalili shi ne a gyara kurakuran rubutu, a shirya batun kuɗin shari'a da neman izinin ɗaukaka ƙara. Ba dama ce ta sake jayayya ba.

Idan kai lauya ne, da daftarin ya iso, rubuta sunayen waɗanda dole su gani, ka tsaya a kansu. Za ka iya nuna wa wanda kake karewa, amma ka faɗa masa baki da baki, ka kuma rubuta masa, cewa ko sakamakon ba zai furta ba. Kada ka tura wa sashen hulɗa da jama'a don su shirya sanarwa. Nan ana iya yin tuntuɓe: wani ya saita saƙo ya fita da kansa, ya kuskure rana. Idan asiri ya fita, sanar da alƙali nan take.

Saɓa wa wannan na iya zama raina kotu. A 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ci tarar lauya Tim Crosland fam 5,000 saboda fallasa hukuncin filin jirgin Heathrow kwana guda kafin lokaci.

'Yan jarida kuwa, a Kotun Ƙolin Kanada akan tara su a ɗaki, su sa hannu kan alkawari, a katse musu sadarwa da waje, sannan a nuna musu hukuncin kafin a bayyana shi. Rubuta labarinka a ciki, ka jira a ba da izini.