Yadda ake tafiyar Guangzhou a kujerar ikonomi ba tare da an sauka a galabaice ba

Ɗan kasuwar da zai China karon farko yakan ƙarar da hankalinsa a kan biza da canjin kuɗi, ya bar wa ejan ɗin tikiti sauran. Ranar tafiya sai ya tsinci kansa a kujerar tsakiya, gwiwa a manne da bayan kujerar gaba, har ya sauka ƙafa a kumbure. Daga Abuja ko Kano zuwa Doha a Qatar Airways kusan awa 7 ne, daga Doha zuwa Guangzhou kusan 8, ban da zaman jira. Daɗin wannan zaman ko wahalarsa tun daga gida ake yanke shi.

Da farko ka karɓi lambar tikitinka mai haruffa shida daga hannun ejan, ka buɗe ta da kanka a manhajar kamfanin. Duba nauyin kayan da aka ba ka. A hanyoyin Afirka akwati ake ƙirgawa, galibi biyu, kowanne kilo 23, da jakar hannu kilo 7. Amma ikonomi hawa-hawa ne, mafi arha yana iya zuwa da akwati ɗaya kacal. Kuma ba a haɗa nauyi: mai kilo 30 da mai kilo 16 ba su zama daidai ba don jimillarsu 46 ce, sai ka kwance kaya a gaban layi ko ka biya. Mai dawowa da samfurin kaya ya sayi tikitin akwati biyu tun farko, ya fi biyan ƙari a filin jirgi sauƙi.

Sai kujera, kuma a nan ne yawancin sababbi suke faɗuwa. Ana buɗe rajistar shiga ta intanet awa 48 kafin tashi. Kafin wannan lokacin ƙananan tikitoci sai an biya ake zaɓen kujera, da an buɗe kuwa yawancin kujerun kyauta ne. Saka ƙararrawa a waya ka shiga a awar farko, domin wanda ya bari sai a kantar filin jirgi abin da ya rage ake miƙa masa. In jirgin Boeing 777 ne, layinsa kujera goma ne, uku, huɗu, uku. Kowa taga yake so don ya ga gajimare, alhali rabin tafiyar cikin duhu ake yin ta ko an rufe tagogi, kuma duk fitarka banɗaki sai ka tayar da mutum biyu daga barci. Ɗauki D ko G, wato bakin hanya a rukunin tsakiya. Mutum ɗaya ne kawai zai nemi ka ba shi hanya, kai kuma ka miƙe duk sanda ka so. Guji layin ƙarshe da wanda ke jingine da bangon banɗaki: sau da yawa ba sa kwanciya sosai, ga masu jiran layi a tsaye a kanka dare guda. Layin ƙofar gaggawa akwai wurin miƙe ƙafa, sai dai kuɗi ake biya, akwai sanyi, jakarka kuma dole ta hau sama lokacin tashi da sauka. Dogon mutum ya biya, bai yi asara ba. A tuna jirgi biyu ne, kowanne sai an zaɓar masa kujerarsa. Da yawa sukan zaɓi na farko su manta da na Doha zuwa Guangzhou, wanda shi ne ma mafi tsawo.

Abinci a Qatar Airways duka halal ne, ba sai ka nema ba, ko da yake ana raba giya ga mai so, don haka ka faɗi abin da za ka sha da bakinka. Matsalar tana zuwa ne in ka haɗa da jirgin cikin gida na China, misali China Southern zuwa Yiwu, ko ka bi ta Hong Kong a Cathay Pacific. A can naman alade abinci ne na yau da kullum. Nemi abincin Musulmi, wanda lambarsa MOML, kwana biyu kafin tashi, ka ga an rubuta shi a tikitin. A cikin jirgi ba a samar da shi, ma'aikaciya ba ta da inda za ta ɗauko. In ka makara, karɓi burodi da 'ya'yan itace. Jiragen cikin gida kuma galibi kilo 20 na kaya suke bayarwa in tikitin daban ka saya.

Kilishi da dambun nama a cinye su a hanya, China ba ta yarda a shiga mata da nama ba, kwastam za su karɓe.

Jakar hannu kada ta zama akwati na uku. Fasfo, katin rigakafin shawara, biro, caja, magungunanka, rigar sanyi da safa mai kauri. Iskar cikin jirgi bushewarta kamar ta tsakiyar hunturu ce, leɓe ya tsage, hanci ya bushe, saboda haka man shafawa kaɗan, kada kwalbar ta wuce mililita 100, turare ma haka. Fawa banki ba ya shiga akwatin awo, a hannu ake riƙe shi, kada ya wuce 100Wh, wato wajen 27,000mAh. Tun watan Yunin 2025 jiragen cikin gida na China ba sa barin fawa bankin da ba shi da tambarin CCC, shaidar ingancin kaya ta China, a jikinsa, a wurin bincike ake ƙwacewa. Ashana da laita ma ba sa hawa jirgi a China, ko a aljihu ko a akwati.

Alwala a yi ta a filin jirgi kafin a kira shiga. Banɗakin jirgi ɗan ƙarami ne, wanke ƙafa a kwanon wanke hannu yana jiƙa ƙasa, na bayanka ya shigo da safa ya taka. Tafiya gabas tana gajarta yini: Doha ta fi Najeriya da awa 2, Guangzhou da awa 7, lokutan salla kan riski mutum da sauri fiye da yadda agogon hannunsa ke nunawa. Ka tsara kasaru da jam'inka tun kafin tashi. Filin jirgin Hamad na Doha yana da masallatai da wuraren alwala masu tsafta, na maza daban na mata daban.

A Doha, kafin shayi, kafin kallon shaguna, nemi ƙofar jirginka a allo. Za a sake binciken jakar hannu, ruwan da ka ɗauko daga jirgi zai tsaya a nan. Daga wajen ƙaton mutum-mutumin nan mai ruwan ɗorawa da ke tsakiyar filin, wasu ƙofofin tafiya ce mai nisa, har ƙaramin jirgin ƙasa ake hawa. Ana rufe ƙofa minti 20 kafin tashi. Kada ka kwanta barci nesa da ita.

A cikin jirgi ka sha ruwa duk sanda aka zagayo, ka miƙe ka taka duk bayan awa biyu, bel a ɗaure a saman bargo don kada a tashe ka in iska ta kaɗa jirgi. Hamma ko taunar cingam na buɗe kunne wajen sauka. Kafin a sauka Baiyun, filin jirgin Guangzhou, ka tabbata adireshin otal ɗinka yana cikin hotunan wayarka da rubutun Sinanci, domin WhatsApp da Google ba sa buɗewa a intanet ɗin China, direban tasi kuma da wuya ya karanta boko.