Ɗaga Nauyi Ga Dattijo: Yadda Za A Kula Da Birkin Zuciya

Zuciya tana da totur da birki, kuma ba da umarnin mutum suke aiki ba. Wasu jijiyoyi ke ƙara mata gudu, wata kuma da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya, wadda likitoci ke kira bagus, ita ke sassauta ta. Idan shekaru suka ja, birkin nan yakan yi sanyi, ciwon suga kuma yana ƙara raunana shi. Don haka dattijon da zai fara ɗaga nauyi, a Agege yake ko Mile 12 a Legas, ya fara da awon hawan jini. In ya kai 180/110, a ajiye atisaye a ga likita.

Kwana biyu a mako sun isa, da tazarar kwana biyu tsakaninsu. Robar ruwa mai lita 1.5 nauyinta kilo ɗaya da rabi ne. Riƙe ɗaya a kowane hannu. Tashi daga kujera ka zauna sau 8 zuwa 12, dafa bango ka tura jikinka haka nan, sannan ɗaga robobin zuwa kafaɗa. Kowanne zagaye biyu, hutun minti biyu a tsakani.

Babban kuskure shi ne riƙe numfashi da yin nishi yayin ɗagawa. Hakan yana harba jini sama, da an saki kuma ya faɗo, jiri ya kwashi mutum. Fitar da numfashi lokacin ɗagawa, ja shi lokacin saukewa. In ba ka iya ƙirga da baki, nauyin ya yi maka yawa.

Ga yadda ake gwada birkin: da gamawa, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ninka sau huɗu. Ci gaba da takawa a hankali, bayan minti ɗaya ka sake. Ana so lissafin na biyu ya ragu da fiye da bugu 12 a kan na farko. In kullum bai kai ba, nuna wa likita. Mai shan atenolol, wani maganin hawan jini, ya sani maganin yana rage gudun zuciya, lissafinsa zai bambanta.

Zafin Legas mai danshi ne, gumi ba ya bushewa, zuciya sai ta ƙara wahala. A yi bayan Asuba, da ledar ruwa a kusa. Nauyin ƙirji, haki marar dalili ko bugu mai tsalle, a tsaya nan take a nufi asibiti.