Yadda za ka haɗa wurin wankan ƙanƙara a gidanka a Kaduna

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Arewa zai yi dariya idan ya ji wai yanzu har kuɗi ake kashewa don a shiga ruwan sanyi. Mu da ake tasa ƙeyarmu zuwa famfo da asubar Janairu, bokiti a hannu, haƙora na kaɗawa, ashe gata ake yi mana ba mu sani ba. To ga shi dai abin ya zama yayi. 'Yan ƙwallon Turai na tsunduma cikin ruwan ƙanƙara bayan wasa, Wim Hof ɗan ƙasar Holan ya yi suna a duniya da shi, kuma ba mamaki ka ji matashin da ya gama zagaye Filin Murtala da gudu yana tambayar yadda zai haɗa nasa a gida.

Abin da zan fara gaya maka shi ne, a garin nan mazubin ba shi ne matsala ba, sanyin ne ke cin kuɗi. Bature na buɗe famfo ruwa ya zubo masa da sanyinsa, kai kuwa ruwanka ya wuni cikin baƙin tanki a ƙarƙashin ranar Afrilu. Wanda ya fara da sayen baho mai tsada kafin ya san inda zai samo sanyi, ya sayi linzami ne ba doki.

Fara da jikinka

Kafin ka kashe ko sisi, a auna jininka. Da zarar fata ta haɗu da ruwa mai tsananin sanyi, numfashi na sarƙewa ba da son mutum ba, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau. Minti na farko shi ne mafi haɗari. Mai lafiya zai wuce shi da haki kawai. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai asma, mai juna biyu, da mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara daina ji, kada ɗayansu ya shiga sai likita ya amince. Mai sikila kuwa babu ma zancen gwadawa, domin sanyi na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma duk gidan da ke da mai amosanin jini ya san abin da hunturu ke jawo musu.

Amfanin da ya fi tabbata shi ne rage tsamin jiki bayan motsa jiki mai wahala, sai kuma wartsakewar da masu yi ke ji. Zancen narkar da tumbi da maganin kowace cuta, na 'yan talla ne.

Sannan ka auna ruwanka. Nemi ma'aunin zafi mai shiga ruwa, ba irin na zazzaɓi da ake sawa a hammata ba, domin shi ba ya karanta sanyi. Tsoma shi a ruwan gidanka da asuba, ka sake da la'asar, kwana biyu ko uku. Inda ake so a kai shi ne digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyos. Tazarar da ke tsakanin abin da ka gani da wannan, ita za ka riƙa biya kullum.

Wane mazubi?

Ni dai shawarata ka fara da shuɗin durom na roba mai cin lita 200. Ana samunsa cikin sauƙi, a yanke masa saman, a goge bakin da takardar gurza katako don kada ya yage maka cinya. Tsayinsa bai kai mita ɗaya ba, faɗinsa ya ɗan haura rabin mita, don haka tsugunne ake zama a ciki, ruwa ya kawo kafaɗa. Idan kai jibgege ne, kada kunya ta hana ka cire takalmi ka shiga ka gwada a gaban mai sayarwa.

Sai dai ka tsananta tambaya a kan abin da durom ɗin ya taɓa ɗauka. Na farko da na saya, mai shi ya rantse mini man girki ne aka zuba. Na wanke shi sau uku da omo, na bar shi a rana kwana biyu, amma da na cika shi da ruwa sai ga wani wari mai hawa kai kamar na fenti. Roba na shanye sinadari, wanki ba ya fitar da shi. Sa hancinka a ciki kafin ka biya, ka duba takardar da ke manne a jikinsa in akwai, idan kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, ƙara kuɗi ka sayi sabo.

Mai son miƙe ƙafa yana da zaɓi. Tsohon bahon wanka da aka ciro daga gidan da ake gyarawa na yin aiki, sai dai ba shi da zurfi, kuma faɗin samansa na sa sanyi saurin gudu. Masu walda a Panteka za su iya haɗa maka kwami daidai tsayinka da ƙarfen da ba ya tsatsa, ka tsaya a kansu su naɗe bakin kada ya zama wuƙa, ka kuma sani ƙarfe na jawo zafi fiye da roba. Babban farin tankin nan mai keji na lita 1000 ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ƙanƙarar da zai ci sai mai kamfani. Irin wanda ake hurawa da iska da ake sayarwa a intanet yana da kyan gani, yana naɗuwa, amma ƙusa ɗaya ko faratan mage sun isa su gama da shi.

Inda za a ajiye shi

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ruwanka da kai kanka kun tasam ma kilo 200 ko fiye a kan ɗan wuri ƙanƙani, saboda haka ƙasa ce wurinsa, a kan daɓen siminti mai shafe, ba barandar bene ba. Nemi inuwa wadda rana ba ta leƙawa da la'asar, kusa da kwata, kuma inda ke da sutura, musamman idan matan gida ma za su yi amfani da shi. Lungun bayi na tsakar gida ya fi ko'ina. Kada ya kusanci soket ko wayar wuta. Idan ƙasan tayil ne, shimfiɗa tabarmar roba, don ƙafar da ta daskare ba ta san santsi ba sai an ji ta a ƙasa.

Ɗora durom ɗin a kan katako ko bulo biyu da aka daidaita, mai gyaran famfo ya huda masa gindi ya sa kan famfo, ka jona tiyo zuwa kwata ko wurin shuka. Ɗaure shi da bango ta yadda ba zai kife ba idan ka dafa baki za ka fito. Ajiye matakala mai ƙarfi a waje, da 'yar kujerar roba a ciki. Daga nan sai ka naɗe jikinsa da soson tsohuwar katifa, ka rufe da buhu, ka yi masa murfi wanda shi ma aka liƙa wa soso. A lokacin rani, buhun algarara da aka jiƙa na taimakawa, dabarar randa ce dai: ruwa na bushewa yana tafiya da zafi.

Lissafin ƙanƙara

Kada ka cika durom. Jikin mutum na ture ruwa kusan daidai nauyinsa, mai kilo 70 zai ture kusan lita 70. Ranar farko na cika nawa fal, na zuba ƙanƙara, ina shiga sai ga kuɗina na malala a tsakar gida har ƙofar kicin. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, wanka kake ko wankin gida ka taya mu?" Lita 130 zuwa 140 ta wadatar, wato kashi biyu cikin uku.

Ga lissafin da zai raba ka da kame-kame: kilo ɗaya na ƙanƙara na sauke lita 100 ta ruwa da kusan digiri ɗaya. A ce ruwanka lita 140 ne, ma'auni ya nuna 27, kana son 15. Tazarar digiri 12 ce, sau 1.4 tunda ruwanka lita 140 ne ba 100 ba, ya ba ka wajen kilo 17. Ƙara abin da iska da jikin durom za su sha, ka ce kilo 20.

Kilo 20 ɗin nan kuwa jaka biyu ce ta fiya wata, tunda kowace leda rabin lita ce kuma guda 20 ke cikin jaka. Daskarar da su, ka jefa su da ledarsu, ka motsa ruwan, ka jira minti goma zuwa ashirin, ka auna. Ka gama ka tsame su ka mayar firiza. Gorunan lita ɗaya da rabi sun fi jurewa, ko da yake sun fi jinkirin sakin sanyi. Kada dai ka cika su har wuya, ruwa na kumbura idan ya daskare. Firizar gida ba za ta daskarar da wannan adadi a dare ɗaya ba, sai ta samu kwana guda ko biyu wuta na zaune, shi ya sa masu yi kullum ke ajiye kashi biyu suna karɓa-karɓa. Idan saya za ka riƙa yi wurin masu ƙanƙara, auna nauyin ƙulli ɗaya sau ɗaya don ka san nawa kake buƙata, kuma ka shirya wa tsadarta da azumi.

Za ka ga masu mayar da babbar firiza wurin wankan kanta. Ban ba ka wannan shawara ba. Ba a ƙera firiza don riƙe ruwa ba, sai an toshe duk mahaɗinta, ga tsatsa, ga mutum tsundum cikin ruwa a akwatin ƙarfe mai jone da wuta. Wanda ya nace, tilas ya zare filogi daga soket kafin ya taɓa ruwan, kashe makunni bai isa ba, kuma mai aikin wuta ya sa masa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa. Haka ma injin sanyaya ruwa da ake jonawa da famfo da abin tace ruwa: yana hutar da kai daga jigilar ƙanƙara, amma yana son wuta tsayayya, sola mai ƙarfi ko janareto. Bari sai ka yi wata biyu da durom ka ga ko ɗabi'ar ta zauna maka.

Shiga ta farko

Kada ka fara da 10. Fara da 18 ko 20, daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, da wani babba tsaye kusa. Shiga a hankali, ƙafa, ƙugu, ƙirji, kai a waje. Numfashi zai ƙwace maka. Kada ka riƙe shi, ka dai ja fitarsa ta yi tsawo har ya lafa. Sauke digiri ɗaya ko biyu a mako. Minti biyu zuwa uku a digiri 15 sun isa, babu wanda ke raba kyauta a kan daɗewa. Jiri, ciwon ƙirji, ko yatsu su ƙi damƙuwa, fito nan take.

Bayan ka fito zafin jiki na ci gaba da sauka na ɗan lokaci, shi ya sa makyarkyata ke kama wasu sai sun riga sun sa riga. Goge jiki da tawul, sa kaya busassu, ɗan zaga tsakar gida, sha shayi mai zafi, kada ka hau babur sai ka dawo daidai. Masu ɗaga ƙarfe don gina ƙwanji su bar sa'o'i tsakani, domin shiga ruwan sanyi nan take bayan ɗaga ƙarfe a kai a kai na rage girman da tsoka ke yi.

Murfin nan kuma a sa masa kwado. Yaro ƙarami na iya nutsewa a ruwan da bai kai rabin durom ba, kuma ba a jin ƙararsa. Buɗaɗɗen ruwa gayyatar sauro ce, da damina cikin mako ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe. Yi wanka da sabulu kafin ka shiga, ka canza ruwan bayan kwana biyu ko uku, ka cuɗe cikin da soso kafin gansakuka ta kama. Idan kana so ya ƙara kwana, ƙaramin cokali ɗaya da rabi na bilicin wanki mara turare, mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100, ya ishi lita 140.

Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Janairu, cika durom da magariba, cire murfin da soson, yafa masa gidan sauro, ka kulle ƙofar lungun saboda yara. Da asuba ka tsoma ma'auni kafin ka buɗe firiza, wata ran jaka ɗaya ma za ta yi maka yawa.