Yadda nake gane binciken da aka yi wa kwaskwarima

Kafin na zauna duba kundayen ɗalibai a nan Gombe, na yi shekaru ina yawon cike takardun tambayoyi a ƙauyukan Dukku da Kumo. A can na ga yadda mutane ke amsa tambaya. Ana tsakiyar hira mace za ta tashi duba tukunya, ba ta dawo ba. Dattijo ya ce shi ba ya faɗa wa baƙo yawan shanunsa. Ruwa ya sauko ya jiƙa takardu goma. Binciken da aka yi da gaske da tabonsa yake zuwa, shi ya sa idan aka miƙo mini aiki sumul, ba ko ƙwarzane, sai in gyara zama.

Kada ka fara da sakamako. Buɗe babi na uku, inda aka bayyana yadda aka yi aikin. Sau da yawa za ka tarar an ce an raba takardu 400, adadin da lissafin Taro Yamane na ƙayyade yawan mutanen da za a tambaya yakan kai mutum kusa da shi idan jama'ar na da yawa, kuma wai duka 400 sun dawo a cike. Wanda ya taɓa bin gida-gida ya san da wuya hakan ta faru. Sai ka ce a kawo takardun. Duba rubutun hannu, duba biron, duba ko akwai wadda ta naɗe ko ta sha ƙura. Na taɓa karɓar wani ɗauri da biro ɗaya ya cike tun daga farko har ƙarshe, amsoshin suna maimaita kansu bayan kowace takarda biyar. Ranar abin ya dame ni matuƙa, domin batun haihuwa a gida ne, kuma irin wannan aiki wani zai iya ɗauka ya gina shawara a kai. Ka kuma tambayi harshen da aka yi hirar. Idan takardar da Turanci take, mutanen kuwa Fulatanci ko Tangale suke ji, wa ya fassara, kuma yaya ya raba musu "na yarda" da "na yarda ƙwarai"?

Wannan ba ciwonmu ba ne mu kaɗai. A 2011 Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan ta dakatar da Farfesa Diederik Stapel, bayan wasu matasan masu bincike sun kai ƙorafi a kansa. Shi yakan ce ya je ya tattaro bayanai, ya miƙa wa ɗalibansa alƙaluma a shirye, alhali ƙirƙira yake yi. An janye maƙalunsa fiye da 50. Da wuya a sami wanda ya ce masa, "Ina takardun?"

Daga nan ka ɗauki kalkuleta. Akwai gwajin da Nick Brown da James Heathers suka fito da shi a 2016, kuma ba ya cin minti biyu. A ce mutum 20 aka tambaya, kowa ya zaɓi lamba daga 1 zuwa 5, aka rubuta matsakaici 3.47. Ninka 3.47 sau 20, za ka sami 69.4. Jimillar cikakkun lambobi ba ta zuwa da ɗigo huɗu, saboda haka ko dai an yi kuskure, ko lambar ba daga takardun ta fito ba. Gwajin yana aiki ne idan mutanen ba su kai ɗari ba.

Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne wanda ba a ƙirƙiri komai ba, an dai yi ta juya alƙaluma har suka ba da abin da ake so. A fannonin nazarin zamantakewa an saba cewa idan lambar p, wadda ke auna yiwuwar dace kawai ya ba da irin sakamakon da aka gani, ta gaza 0.05, an gano wani abu. To amma wanda ya jarraba alaƙa 20 da babu komai a cikinsu, yiwuwar aƙalla ɗaya ta tsallake wannan shinge bisa dace ta kai kusan kashi 64 cikin ɗari. Ya gwada maza da mata a haɗe bai fito ba, ya ware mata, ya cire mutum shida, ya ƙaro talatin, da ya fito sai ya tsaya. Simmons da Nelson da Simonsohn sun nuna a 2011 cewa da irin waɗannan 'yan dabaru har "hujja" suka samar wai sauraron wata waƙa na rage wa mutum shekaru, don su nuna girman ɓarakar. Alamomin irin wannan juya alƙaluma su ne: tambayoyi 40 a takarda amma uku kawai aka tattauna, mutum 400 a tebur na farko sun koma 362 a na biyar ba bayani, da lambobin p da suka yi cincirindo a 0.04. Mafi yawan masu yin haka ba macuta ba ne, haka suka ga ana yi. Amma illar tana nan: a 2015 wata tawaga ƙarƙashin Brian Nosek ta maimaita bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake tsallake shingen.

Ƙanin wannan shi ne rubuta hasashe bayan an ga sakamako, kamar mai harba kibiya sannan ya je ya zana da'ira inda ta faɗa. Idan hasashe biyar duk sun tabbata, har da wanda babu dalilin tsammaninsa a babi na biyu, inda ake bitar ayyukan da suka gabata, ka tambaya yaushe aka rubuta su. Mujallar da ta karɓi maƙala cikin kwana uku bayan an biya kuɗi kuwa, ba wanda ya tace aikin.

Idan ka ga alama, kada ka tara wa mutum jama'a. Ni nakan kira ɗalibi ofis in ce, "Zauna, nuna mini yadda ka samo wannan lambar." Wani kuskuren kwafi ne, nan take mu gyara. Wata kuma ta yi shiru, can ta ce, "Malam, cewa aka yi idan hasashena bai tabbata ba zan faɗi." Na gaya mata rashin samun alaƙa shi ma sakamako ne, kuma zan sa masa hannu. Yanzu kafin kowa ya fita fili, yakan rubuta hasashensa da yawan mutanen da zai tambaya da gwajin da zai yi a takarda ɗaya, mu sa hannu da kwanan wata, in kulle a durowa. Ranar da ya kawo babi na huɗu, wato na sakamako, nake fito da ita mu ɗora su gefe da gefe.